Filin Baba Makanike: Motata Tana Ja Gefe Guda

Wasiƙu biyar daga cikin waɗanda suka iso mini a wannan watan duk kuka ɗaya suke yi: mota tana ja gefe, direba yana ta kokawa da sitiyari. Na haɗa su wuri guda saboda kowace mota da irin nata jan, kuma maganin wannan ba zai yi wa waccan ba. Na taƙaita wasiƙun don fili ya ishe mu, amma ban taɓa ma'anar maganar masu su ba.

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni ma'aikacin ofis ne, ina da ƙaramar mota mai jan gaba. Wata biyu ke nan tana ja zuwa dama. Da na sassauta hannu sai ta nufi bakin titi. Sau biyu ina kai ta alaimen a wurare daban-daban, amma ko gezau. Wani ya ce sai na canza rak ɗin sitiyari gaba ɗaya. Ina mafita? Af, na manta, kafin abin ya fara na sa sababbin tayoyi biyu a gaba.

AMSA: Barka kadai, ɗana. Kada ka sayi rak tukuna, wato ƙarfen nan da ke kai juyin sitiyari ga tayoyin gaba. Maganar da ka kusa mantawa, ta sababbin tayoyi, ita ce ya kamata ta zo a kan gaba, kuma da a gareji ka same ni ita zan fara tambayarka: me aka taɓa a jikin motar kafin ta soma wannan hali? Alaimen, wato saita kusurwar tayoyi a kan na'ura, shi ne aiki na ƙarshe da ake yi wa motar da ke ja, amma yawancin mutane da shi suke farawa. Ana barin jaki ana dukan taiki.

Mu fara tabbatar da cewa ja ne na gaske. Titin kwalta ba a baje yake daidai wa daida ba. Masu gina hanya suna ɗan ɗaga tsakiyarta su gangarar da gefe, kusan santimita 2 a kowace mita, don ruwan sama ya zurare kada ya kwanta. Shi ya sa a ƙasashen da ake tuƙi a hannun dama, lafiyayyar mota ma takan zame a hankali zuwa dama idan aka sassauta mata. Inda ake bin hagu kuwa, kamar Ingila da Japan, hagu take zamewa. Wannan ba ciwo ba ne. Ka nemi miƙaƙƙiyar hanya mai kyau, lokacin da ba cunkoso kuma ba a iska mai ƙarfi, ka tafi a kan kilomita 50 zuwa 60 a awa, ka sassauta riƙon sitiyari ba tare da ka ɗauke hannunka ba. Ka maimaita a hanyoyi biyu ko uku. Motar da ke bin gangaren hanya takan canza hali idan hanya ta canza. Wadda ke da matsala kuwa ko'ina ka kai ta gefe ɗaya take nufa, kuma bayan tafiyar rabin awa za ka ji gajiyar a damtsenka.

In ka tabbatar, sai iska. Na san za ka ce ai mai faci ya duba. Ka sake dubawa da kanka, da geji naka, domin geji da ya sha faɗuwa a ƙasa yakan yi ƙarya. Tayar da iskarta ta yi ƙasa takan ƙara kwanciya a kwalta, ta ɗan rage tsayi, ta yi nauyin juyawa, sai motar ta karkata zuwa wajenta. Bambancin PSI (ma'aunin iskar taya) 4 ko 5 tsakanin hagu da dama a gaba ya isa ka ji shi a hannu. Adadin da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, wasu motocin kuma a cikin murfin tankin mai. Ƙananan motoci galibi tsakanin 30 da 35 suke. Lambar da ke jikin tayar kanta ita ce iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka, ba ita ake bi ba. Kuma da safe ake awo, kafin a tuƙa, ko bayan motar ta huta kamar awa uku, saboda taya mai zafi takan nuna fiye da abin da ke cikinta a sanyi. Da ka tsuguna a wurin, ka karanta lambar girman tayoyin biyu, irin 195/65 R15 ɗin nan. Dole su zama iri ɗaya harafi da harafi. Na sha ganin 65 a hagu da 60 a dama, mai motar bai taɓa lura ba.

Idan iska daidai take, girma ma ɗaya ne, to ga gwajin da nake so ka yi, ba zai ci maka fiye da rabin awa ba. A kwance tayar gaba ta hagu a mai da ita dama, ta dama a mai da ita hagu. Kada a taɓa komai ban da wannan. Ka koma hanyar da ka yi gwajin farko. In motar ta koma ja zuwa hagu, ko ta daina ja ɗungurungum, ka kama ɓarawonka: taya ce.

Sabuwar taya tana iya yin haka, kuma ga dalili. A ƙarƙashin robar da ke taka ƙasa akwai ɗamara ta wayar ƙarfe. Idan wajen ƙira ɗamarar nan ta ɗan goce daga tsakiya, gocewar da ido ba ya gani, sai gefe ɗaya na tayar ya fi ɗayan tauri, in nauyin mota ya hau kanta ta zama kamar mazurari. Ɗauki mazurari ka gara shi a ƙasa ka gani. Ba zai tafi a miƙe ba, zagayawa zai yi zuwa wajen siririn bakinsa. Haka tayar take yi, tana jan mota tare da ita. Na'urar alaimen kuwa a jikin wili ake maƙala ta motar tana tsaye, kusurwar ƙarfe take aunawa, ba ta san abin da roba ke yi a guje ba. Shi ya sa aka yi maka sau biyu ba ka ga canji ba, kuma mai yiwuwa masu aikin ba su yi maka ha'inci ba, abin da suke nema ne ba ya inda suke dubawa.

Don ka gane wacce ce daga cikin biyun, ka ɗauki ta hagun gaba ka musanya ta da ta hagun baya. In jan ya ɓace, wadda ta koma baya ita ce mai laifi. In bai ɓace ba, ɗayar ce. Irin wannan tayar a baya ba ta cika damun sitiyari ba, amma tunda sabuwa ce, ka mai da ita inda ka saya ka nuna musu abin da gwaji ya nuna. Abu ɗaya za ka kula da shi: akwai tayoyi masu alamar kibiya a jiki, waɗanda aka yi su don su juya ta fuska ɗaya kawai. In irinsu gare ka, ka yi gwajin a busasshiyar hanya, ɗan gajere, sannan a mai da kowace gefenta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamar makaranta ce, da motar nake kai yarana kullum. Da safe lafiya lau take tafiya, amma bayan kamar minti ashirin sai ta fara ja hagu, in na taka birki kuma sai ta fizga dama. Wani lokaci ina jin ƙauri idan na tsaya. Maigidana ya ce iska ce, mun ƙara, ba ta daina ba.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, amma ki ajiye motar nan har sai an duba birkinta, kada ki sake ɗaukar yara a cikinta kafin nan. Duk cikin wasiƙun watan nan taki ce ta fi tsaya mini a rai. Abubuwa uku da kika lissafa, jan da ke zuwa bayan mota ta yi zafi, juyewarsa idan an taka birki, da ƙauri, duk wuri ɗaya suke nunawa: birkin gaba na hagu yana kamawa ba ya saki.

Ga yadda abin yake. A kowace tayar gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita, akwai kuma kalifa da ke rungume da faifan. In kika taka birki, man birki ya tura fistan da ke cikin kalifa, fistan ya matse fad biyu a jikin faifan. In kika ɗaga ƙafa, ya kamata komai ya saki. Idan na hagu bai saki ba, kamar wani ne ya riƙe wa motar ƙafar hagu tana tafiya, dole ta karkata can. Gogayyar tana haifar da zafi, zafin kuma in ya yi yawa yana rage wa fad ƙarfin kamu. Saboda haka lokacin da kike buƙatar birki da gaske, na hagu ya riga ya gaji, na dama ne kaɗai ke aiki sosai, sai motar ta fizga dama. A hanya mai santsi, ko in yaro ya gifta kika taka da ƙarfi, wannan fizgar tana iya juya mota.

Bari in ba ki labarin wata da na taɓa karɓa. Mai ita ya zo ransa a ɓace, an yi mata alaimen har sau uku, an canza mata fad, an canza kalifa ɗaya. Ya shigo da ita daga tafiya, ban ma buɗe bonet ba, na zagaya na kai bayan hannuna kusa da kowane wili ba tare da na taɓa ba. Uku ɗumi kawai suke yi. Na gaban hagu kuwa hucinsa kamar dutsen guga, kuma ya yi baƙi ƙirin da ƙurar fad alhali ɗan'uwansa fes yake. Muka ɗaga ta a jak, muka sa mata abin tokare, na ce wa yarona ya taka birki sau biyar ya saki. Na kama tayar da hannu biyu, da ƙyar take motsi. Sai na sa sifana na ɗan kwance notin nan da ake fitar da iskar birki ta cikinsa. Mai ya yi tsartuwa, nan take tayar ta saki, na juya ta da yatsa ɗaya. Wannan ya nuna mini kalifa ba ta da laifi, man ne yake shiga ya kasa komawa. Muka cire tiyon roba da ke kai mata mai. A waje ba tsaga, ba yoyo, ko ke ce kika gan shi za ki ce sabo ne. Da na yanka shi biyu, cikinsa ya kumbura ya ruɓe, ramin ya tsuke har siririyar waya ba ta wucewa. Ƙarfin ƙafa yana iya tura mai ta cikinsa, amma babu ƙarfin da zai dawo da shi. Na miƙa wa mai motar guntun tiyon, ya daɗe yana jujjuya shi a hannu bai ce komai ba.

To ki faɗa wa wanda zai duba miki ya yi wannan gwajin. In an kwance notin tayar ta saki, tiyo ne. In an kwance ba ta saki ba, to ko fistan ne ya yi tsatsa ya cije, ko sanduna biyun nan da kalifa ke zamewa a kansu sun bushe. Sandunan wanke su ake yi a shafa musu giris na birki, mai silikon. Kada ki yarda a shafa musu giris na gama-gari, yana kumbura robar da ke rufe da su, bayan 'yan watanni a koma gidan jiya. Kuma duk abin da za a canza a birki, biyu-biyu ake canzawa: fad hagu da dama, tiyo hagu da dama. In faifan ya yi shuɗi-shuɗi don zafi ko ya yi zane mai zurfi, shi ma a duba shi da kyau. A ƙarshe a zubar da tsohon man birki a sa sabo, irin wanda aka rubuta a murfin robarsa, DOT 3 ko DOT 4 a yawancin motoci. Man birki yana shan danshi daga iska, danshin ne ke cin fistan daga ciki, shi ya sa masu ƙera motoci da dama suke cewa a canza shi duk shekara biyu. Mutane suna tuna man inji, na birki kuwa sai ya shekara takwas ba wanda ya waiwaye shi.

Akwai wani nau'in jan birki da ba ya zuwa da zafi ko ƙauri, na faɗa don sauran masu karatu. Idan mai ko giris ya zuba a kan fad na gefe ɗaya, wannan gefen santsi zai riƙa yi, motar ta ja zuwa ɗaya gefen duk lokacin da aka taka. Fad da ya sha mai ba ya wankuwa, canza shi ake yi, bayan an toshe inda man ke fitowa.

TAMBAYA: Maigida, ina gaisuwa. Direban haya ne ni. Da dare na faɗa wani rami da tayar gaba ta dama, ina cikin gudu. Tun ranar sitiyari ya karkace, motar tana ja dama, kuma tayar tana cinyewa ta gefe ɗaya. Mai alaimen ya miƙar da sitiyarin amma jan yana nan. Ya ce iyakar abin da zai iya ke nan.

AMSA: Malam direba, ina amsawa. Gaskiya ya faɗa maka, sai dai bai ƙarasa ba. Taka ce matsalar da ta shafi alaimen da gaske, amma ba irin wadda sifana ke gyarawa ba.

Kusurwa uku ake aunawa a tayar gaba. Ta farko ita ce to-in, wato inda bakin tayoyin ke kallo in ka hango su daga sama, kamar mutum ya tsaya ya haɗe yatsun ƙafarsa ciki ko ya ware su waje. Da tayarod, sandar da ke haɗa rak da taya, ake saita ta, kuma kowace mota ana iya saita mata. In ta ɓaci tana cin taya, tana karkatar da sitiyari, in ka shafa tafin hannunka a kan tayar za ka ji kaifi-kaifi ta fuska ɗaya kamar haƙoran zarto. Amma ita kaɗai ba ta cika sa mota ja ba, domin tayoyin biyu sukan raba kuskuren a tsakaninsu, sitiyari ne kawai ke zama a karkace. Ita ce mutuminka ya gyara.

Ta biyu kamba: jinginar taya in ka tsaya a gaban mota kana kallonta, ko samanta ya kwanto ciki ko ya fita waje. Taya tana bin inda ta jingina, kamar yadda mai keke ke kwantar da kekensa in zai sha kwana. Mota takan ja zuwa gefen da saman tayarsa ya fi fita waje. Ta uku kasta, wadda ba a gani da ido sai dai a misalta. Dubi ƙarfen da ke riƙe da tayar gaban keke, ba a tsaye yake cak ba, samansa ya kwanto baya. Wannan kwanciyar ce ke sa keke ya miƙe da kansa, ita ce kuma ke dawo da sitiyarin mota tsakiya bayan kwana. In ta gefe ɗaya ta ragu, motar takan ja zuwa gefen da ya ragu. A kamba da kasta, abin da ya fi muhimmanci shi ne hagu da dama su yi kusa da juna. In bambancinsu ya haura kamar rabin digiri, sai a fara jin sa a hannu.

Yanzu ka kwatanta abin da ya faru a daren nan. Tayar dama ta daki bakin rami, ƙarfin dukan ya tura ta baya. Kastar wannan gefen ta ragu, motar ta koma ja dama. Kuma yawancin ƙananan motocin zamani, masu irin shokozobar da ake kira MacPherson, ba a yi musu wurin saita kasta ba, da yawansu ma har kamba. In lambobin sun fita daga ƙa'ida, wani ƙarfe ne ya lanƙwashe ko wani bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafa, ya yage. Ka sa a ɗaga motar a duba lowa-am na dama, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙafar taya daga ƙasa, a gwada shi da na hagu. Wurin da ƙarfe ya lanƙwashe fenti ko tsatsa sukan ɓare su bar sabon tabo, ka nemi wannan da tocila. A duba bushin ɗin da ke bayan lowa-am da ƙarfen banƙara, a duba ƙafar shokozoba, a duba ko gadon da ke ɗauke da su duka ya gusa daga mazauninsa. Akwai awon da kai ma za ka iya: ka tsayar da motar a wuri mai kyau, sitiyari a miƙe, ka auna da tef daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar na baya, hagu da dama. In na dama ya gaza a fili, tayar ta koma baya. Ka kuma auna daga ƙasa zuwa bakin bodin da ke saman kowace taya, domin sifirin da ya karye ko ya zauna yakan sauke mota gefe ɗaya, kamba ta canza. Motar haya da ke shan lodi ta fi kowa fuskantar wannan.

Tun tana sama, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza. In akwai wasa, ko boris ne, wanda wili ke juyawa a kansa, ko boljoyin, mahaɗar lowa-am da ƙafar. A sake kama ta hagu da dama a girgiza, in akwai wasa a nan a duba tayarod. Motar da ke da wasa a waɗannan wurare ba a yi mata alaimen, domin abin da aka saita a kan na'ura zai goce kafin ka fita daga garejin. Ina roƙonka abu biyu. Kada ka bari a gasa lanƙwasasshen lowa-am da wuta a miƙar, ƙarfen ya riga ya raunana, rayukan fasinja ne a kansa. Sannan in an sa sabo, kada a ɗaure notin bushin tamau motar tana rataye. Sai an sauke ta nauyinta ya hau tayoyinta ake ƙarasa ɗaurin, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Bayan duk wannan ne za ka koma alaimen, na tayoyi huɗu, domin in ƙafar baya ta karkace ita ma takan tura mota a kaikaice. Ka ce a ba ka takardar awon, ta kafin aiki da ta bayansa, ka duba lambobin hagu da dama da idonka.

TAMBAYA: Baba, tawa sai na taka totur da ƙarfi take ja dama, in na saki ta miƙe. Matsala ce?

AMSA: Ɗana, a motar da ke jan gaba kaɗan daga wannan halitta ce. Shaf biyu da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba a motoci da yawa ba tsayinsu ɗaya ba, saboda giyabos yana gefe guda, don haka in aka taka da ƙarfi sitiyari yakan ɗan fizga. In tun da ka san motar haka take, kuma kaɗan ne, ka riƙa taka totur a hankali. In kuwa sabon abu ne, ko yana ƙaruwa, ko tana ja dama in ka taka ta dawo hagu in ka saki, to wani abu ne ke motsi a ƙasa wanda bai kamata ya motsa ba. Ka sa a duba bushin na lowa-am da injin sit, wato mazaunin da ke riƙe da inji. Bushin da ya mutu yana barin taya ta matsa gaba in inji ya ja ta, ta koma baya in ya saki, kusurwarta tana canzawa kana cikin tafiya.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni tawa ba ta da tsayayyen gefe. Yau hagu, gobe dama, wani lokaci a tafiya ɗaya. Makanikai biyu sun ce ba su ga komai ba.

AMSA: Alhaji, tare da naka. Ka lura da abu ɗaya a tafiyarka ta gaba: shin in ka sha kwanar hagu ta ci gaba da ja hagu, in ka sha ta dama ta koma dama? In haka ne, wani abu ne ya cije a sitiyarin, ba ya barin tayoyi su dawo tsakiya. Wanda na fi samu shi ne boris ɗin da ke saman shokozoba, wanda ƙafar gaba ɗaya ke juyawa a kansa. In ya bushe ko ya yi tsatsa, sifirin ne ke murɗewa maimakonsa, ya riƙe murɗin. Ka tsayar da motar inji na aiki, wani ya juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe, kai kuma ka tsuguna kusa da tayar gaba ka kasa kunne. Za ka ji sifirin yana tsalle, ƙwas, ƙwas, maimakon ya juya sumul. Boljoyin ko tayarod da ya bushe shi ma yana yin haka. Makaniken ya ɗaga motar, ya raba tayarod da ƙafar, ya juya kowace ƙafa da hannu ita kaɗai, mai taurin za ta bayyana.

In kuma motarka ta zamani ce mai sitiyarin lantarki, ka tambaya ko an taɓa yi mata alaimen ba a sake saita na'urar da ke gane tsakiyar sitiyari ba. Da kwamfutar gwajin mota ake yin sa, aikin 'yan mintuna ne, amma in an tsallake shi motar takan ɗauka tana kan kwana alhali a miƙe take, ta riƙa taimaka wa gefe ɗaya. Mai sitiyarin mai kuwa, a ɗaga tayoyin gaba biyu sama, a miƙar da sitiyari, a tayar da inji ba tare da an sa hannu ta cikin sitiyarin ba. In ya fara juyawa gefe da kansa, bawul ɗin da ke cikin rak ne ya lalace, a nan ne maganar canza rak take tasowa. Ka rubuto mini abin da ka gani bayan kwanar hagu da ta dama, ka haɗa da shekarar motar da irin sitiyarinta.